Banaras a Lokacin Sanyi: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Ganin Bakin Kogin Ganga da Gidajen Bautar Hindu

Mutanenmu da ke zuwa Indiya yawanci jinya ce ke kai su, ko karatu, ko saro kaya, kuma galibi a Delhi, Mumbai, Chennai ko Hyderabad suke tsayawa. Idan hidima ta lafa, wasu kan so su leƙa wani gari kafin su juyo gida, sai ka ji ana ambatar Banaras. Ga tambayoyin da aka fi yi game da zuwa can tsakanin Nuwamba da Fabrairu.

Wane gari ne Banaras, kuma me ake zuwa gani?

A tikiti da taswira Varanasi za ka gani, mutanen gari kuma Banaras suke cewa, masu ibada su ce Kashi. Yana jihar Uttar Pradesh a arewacin Indiya, a gaɓar yamma ta kogin Ganga, kuma yana cikin tsofaffin biranen duniya da ba a taɓa daina zama a cikinsu ba. A wurin mabiya addinin Hindu garin Shiva ne, ɗaya daga manyan abubuwan bautarsu. Sun yi imani cewa wanka a kogin yana kankare zunubi, wanda kuma ya mutu a garin ya huta da sake dawowa duniya a wata halitta, abin da suke kira moksha. Shi ya sa za ka tarar da tsofaffi da suka baro garuruwansu suka tare a nan suna jiran ajali.

Abin gani na gaske bakin kogin ne. Gidajen bauta suna da yawa ƙwarai, amma yawancinsu ƙanana ne, cike da jama'a, kuma ba don mai kallo aka gina su ba. Wanda ya wuni yana tafiya a bakin ruwa ya fi wanda ya wuni a layin shiga ɗakin bauta sanin garin.

Me ya sa ake cewa lokacin sanyi ya fi?

Saboda sauran lokutan biyu ba su da daɗin sha'ani. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan haura digiri 40, duwatsun matakala su yi zafin da ba a iya taka su. Daga Yuli zuwa Satumba damina ce, kogi ya cika ya shanye matakalar, hanyar da ake bi a ƙafa ta bakin ruwa ta yanke, hukuma kuma ta kan dakatar da kwale-kwale. Sai wajen Oktoba ruwa ke janyewa a kwashe taɓon da ya bari. Daga Nuwamba ne ake iya takawa daga wannan ƙarshen zuwa wancan ba tare da an ratsa ta cikin gari ba. Sai dai kowa ya san da haka, don haka masauki ya fi tsada, jama'a sun fi yawa.

Sanyin ya kai yaya?

A Disamba da Janairu, da rana digiri 20 zuwa 24 ne, da dare ya sauka ƙasa da 10, wani lokaci har 5. A lissafi ba wani abin tsoro ba ne ga wanda ya san hunturun Jos ko na Damagaram, amma akwai bambanci: namu busasshe ne, nasu mai laima ne, yana ratsa tufa ya shiga ƙashi, musamman a kan ruwa da asuba. Gidajensu kuma don maganin zafi aka gina su, da daɓen dutse da tagogi masu yawa, ta yadda wani lokaci cikin ɗaki ya fi waje sanyi.

Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, da hular sanyi, da safa fiye da ƙafa ɗaya. Safar na da muhimmanci domin za ka yi ta cire takalmi kana taka dutse. Mayafin ulu da maza da mata ke yafawa a can yana da araha a kasuwa. Kafin ka biya kuɗin masauki ka tambaya ko akwai ruwan zafi da na'urar ɗumama ɗaki, don wasu sai an ƙara kuɗi suke bayarwa. Mai asma ko ciwon ƙirji ya riƙe maganinsa da takunkumi, domin iskar arewacin Indiya a wannan lokaci cike take da hayaƙi.

Yaya ake zuwa daga Delhi?

A jirgin sama kusan awa ɗaya da rabi ne zuwa filin jirgin Lal Bahadur Shastri da ke Babatpur, kilomita kamar 25 daga gari. A jirgin ƙasa, Vande Bharat da aka fara a 2019 na yin tafiyar cikin awa takwas, akwai kuma jiragen dare masu gadon kwana. Ka duba tikitinka da kyau, domin tasha ba ɗaya ba ce: akwai Varanasi Junction, akwai Banaras, akwai kuma babbar mahaɗar da a da ake kira Mughalsarai, yanzu Pandit Deen Dayal Upadhyaya, wadda ke tsallaken kogi.

Babban abin da ke ɓata lissafi hazo ne. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu hazo kan rufe kwarin Ganga gaba ɗaya, jiragen ƙasa su yi lattin sa'o'i, jiragen sama na safe a ɗage su ko a soke. Kada ka kuskura ka sa dawowarka Delhi rana ɗaya da jirgin komawa gida ko ranar ganin likita. Ka bar kwana guda a tsakani.

Mota ba ta shiga tsohon gari. Adaidaita sahu zai ajiye ka a wajen Godowlia, daga nan sai ƙafa cikin lunguna masu ƙunci, da babura da shanu da mutane duk a hanya ɗaya. Mai babbar akwati ko mai ciwon gwiwa ya fi masa ya sauka a unguwar Cantonment ko wajen Assi, inda mota ke kaiwa ƙofa.

Wace takarda zan riƙe?

Fasfo da biza, kullum a jikinka ko kwafinsu. Kowane masauki wajibi ne ya cike wa baƙon ƙasar waje takardar da ake kira Form C, kuma ƙananan masaukai da ba su da wannan rajista kan mayar da baƙo ko da ya biya ta intanet, don haka a tambaya tun kafin a zo. Mai tasowa daga Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan sai ya nuna katin allurar shawara a filin jirgi, wanda babu shi ana iya killace shi har kwana shida. Agogon Indiya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi.

Mene ne ghat, kuma daga wanne zan fara?

Ghat matakala ce ta dutse da ke gangarawa daga gari zuwa cikin ruwa. Sun haura tamanin, a jere cikin lanƙwasar kogi mai tsawon kilomita shida zuwa bakwai, daga Assi a kudu zuwa wajen gadar Rajghat a arewa. Yawancin gine-ginen da ke samansu sarakunan sassan Indiya ne suka gina, musamman na daular Maratha ta yammacin Indiya a ƙarni na 18, kowa na son ya sami gida a bakin ruwan. Shi ya sa sunayensu ke ɗauke da sunayen masarautu da gidajen sarauta: Darbhanga, Scindia, Bhonsale.

Ka fara daga Assi da asuba, inda ake taron safiya na addu'o'i da kiɗa kafin rana ta fito, ka nufi arewa. Za ka wuce masu wanki suna bugun kaya a kan dutse, da masu aski, da yara masu wasan kurket, da limaman Hindu zaune ƙarƙashin manyan laimomin kaba suna karɓar masu ziyara. Dashashwamedh shi ne tsakiya, shi ya fi cika. Kusa da shi akwai Man Mandir, wanda a samansa akwai kayan auna taurari na dutse da sarki Jai Singh na Jaipur ya sa aka gina a ƙarni na 18, mutane da yawa suna wucewa ba su san da shi ba. A Lalita Ghat akwai gidan bauta na katako irin ginin Nepal. Yawancin baƙi a Manikarnika, inda ake ƙona gawa, suke juyawa, alhali daga nan zuwa Panchganga ne wurin ya fi natsuwa, kuma a can ne masallacin Alamgir ke tsaye a kan tudu yana kallon kogi.

Shiga kwale-kwale ya cancanci kuɗinsa?

Ƙwarai. Garin gabas yake fuskanta, don haka hasken safiya kan gine-ginen yake sauka, kuma daga kan ruwa ne kawai ake ganinsu a jere. A Disamba da Janairu rana na fitowa wajen ƙarfe shida da rabi zuwa bakwai saura kwata. Amma idan ka fito ka tarar hazo ya rufe har ba ka ganin jirgin da ke gabanka, kada ka bari mai jirgi ya lallashe ka, ka jira zuwa tara ko goma.

Mai tuƙi da filafili ya fi mai inji, ba ƙara, kuma yana bin gaɓa kurkusa. A gama ciniki tun a tudu: nawa ne, na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, daga ina zuwa ina, awa nawa. A biya bayan an dawo. Ka nemi rigar kariya, dokar wurin ma ta tanadi haka. Fararen tsuntsayen ruwa da za su yi ta kewaya jirgin baƙi ne su ma, daga ƙasashen arewa masu ƙanƙara suke zuwa cin rani, kuma da zarar zafi ya fara sai su koma. Tsallaken kogi yashi ne fetal babu gini, saboda duk damina ruwa na cinye shi.

Mece ce Ganga Aarti?

Ibada ce ta wuta da ake yi wa kogin kowace yamma bayan faɗuwar rana, mafi girma a Dashashwamedh. Matasan limamai sanye da kaya iri ɗaya kan tsaya a jere kan dakali, su busa ƙahon dodon-koɗi, su kaɗa ƙararrawa, su riƙa juya turare da manyan fitilun tagulla masu hawa-hawa, na tsawon kamar minti 45. A lokacin sanyi wajen ƙarfe shida ake farawa, mai son wurin zama ya zo da awa guda kafin nan. Ana kallo daga matakala, ko daga jirgi, ko daga saman shagunan da ke karɓar kuɗin kujera. Ba a hana hoto. Bayan an gama za a zagayo da faranti mai fitila, mutane su shafa ɗumin wutar a fuska su ajiye kuɗi. Wanda ba ya so ya girgiza kai kawai, ba mai tilasta shi.

Magariba a Disamba wajen biyar da kwata take yi, don haka mai son ya yi sallarsa a kan lokaci ya yi ta kafin ya kutsa cikin taron, domin fita daga ciki aiki ne.

Da gaske ne ana ƙona gawa a fili, kuma ana barin baƙo ya kalla?

Gaskiya ne. A wuri biyu ake yi, Manikarnika da Harishchandra, kuma a Manikarnika wuta ba ta mutuwa dare da rana. Ana ɗauko gawa a kan makarar gora, an lulluɓe ta da ƙyalle mai ƙyalli, masu ɗauka suna tafe da sauri cikin lungu suna ambaton sunan Ram, ɗaya daga abubuwan bautarsu. Idan ka ji su a bayanka ka raɓe jikin bango. A bakin ruwa za a tsoma gawar, a auna itace a sikeli a saya, a jera, babban ɗan mamaci da ya aske kansa ya sa fararen kaya shi ke kunna wutar. Wutar kuma daga hannun 'yan ƙabilar Dom ake karɓa, su ne masu wannan aiki gado da gado, duk da cewa a tsarin fifikon asali na Hindu a ƙasa-ƙasa ake lissafa su. Gawa ɗaya kan ɗauki kamar awa uku, sannan a zuba toka a kogi. A al'ada mata ba sa zuwa wurin, kuma ba a ƙona ƙananan yara da waɗanda suka bar duniya suka rungumi zuhudu. A Harishchandra akwai na'urar lantarki ga wanda kuɗin itace ya fi ƙarfinsa.

Ga wanda ya tashi da wanka da likkafani da kabari, ganin wannan yana da nauyi, ba kuma dole ne ka je ba. Ana iya kauce wa wurin ta lungun baya, ko a ce wa mai jirgi ya yi nesa da gaɓa. Idan ka je, ka tuna jana'iza ce, iyalan mamaci ne tsaye a wurin. Ba a ɗaukar hoto, ko daga jirgi. Ka tsaya daga gefe, kada ka toshe hanci a gabansu, kada ka yi ta nuni da yatsa.

A nan ne kuma aka fi damfarar baƙi. Wani zai matso da fara'a ya ce shi ma'aikacin gidan tsofaffi ne, ya hau da kai bene ya yi maka bayani, daga ƙarshe ya ce ka ba da kuɗin itacen wata tsohuwa marar galihu. Wani kuma zai ce ka biya shi ya ba ka izinin hoto, alhali ba shi da wannan iko. Kada ka bi kowa sama.

Wanda ba Hindu ba yana iya shiga gidajen bautar?

Yawancinsu babu mai tambayar addininka a ƙofa. Ka cire takalmi, ka rufe kafaɗa da gwiwa, a wasu wuraren ka cire bel ɗin fata, ka kuma bi kewaye ta hannun da jama'a ke bi. Can cikin ƙuryar da abin bautar yake, masu ibada ake bar wa.

Kashi Vishwanath daban yake. Shi ne mafi daraja a garin, ɗaya daga wurare 12 da Hindu ke ɗauka mafi tsarki ga Shiva. Ginin da ke nan yanzu sarauniya Ahilyabai Holkar ta Indore ce ta gina shi a 1780, zinaren da ke kan hasumiyarsa kuma Ranjit Singh, sarkin Sikh na Punjab, ya bayar a shekarun 1830. A Disamba 2021 Firaminista Narendra Modi, wanda shi ne ɗan majalisar Varanasi tun 2014, ya buɗe faffaɗar farfajiya da ta haɗa ginin da bakin kogi, bayan an rushe ɗaruruwan tsofaffin gidaje. Tsaro a wurin mai tsanani ne. Waya, kyamara da jaka duk a akwatin ajiya ake barinsu, baƙon ƙasar waje sai ya nuna fasfo an rubuta sunansa, layi kuma kan ɗauki sa'o'i, musamman ranar Litinin wadda ita ce ranar Shiva.

Akwai abin da ya kamata Musulmi ya sani kafin ya doshi wurin. Bango ɗaya ne tsakanin wannan gini da masallacin Gyanvapi, wanda aka gina bayan sarki Aurangzeb ya sa an rushe tsohon gidan bautar a 1669. Shari'a a kan filin tana kotu shekara da shekaru, kuma a Janairu 2024 wata kotu ta ba Hindu izinin yin ibada a wani ɗakin ƙarƙashin masallacin. Musulmin gari suna sallah a ciki, amma cikin shingen ƙarfe da 'yan sanda, kuma baƙo ba lallai a bar shi ya wuce ba. A ganina babu abin da za ka rasa idan ka hangi hasumiyar zinaren daga nesa ka wuce, ka nemi wani masallacin don sallah. Kuma ko da wasa kada ka buɗe muhawarar masallaci da ɗakin bauta da mai shayi ko direba.

Idan aka miƙo mini wani abu ko aka so shafa mini ja a goshi fa?

Abin da ake miƙowa prasad ne, alewa ko 'ya'yan itace da aka fara gabatar wa abin bauta. Jan da ake ɗigawa a goshi kuma alamar albarka ce a wurinsu, bayansa sai neman kuɗi. Kana da damar ƙi. Ɗora hannu a ƙirji, ka yi murmushi, ka ja baya kaɗan, sun saba da haka domin Musulmi maƙwabtansu ne. Haka 'yan kwanukan ganye masu fure da kyandir da yara ke sayarwa a saka a ruwa, su ma hadaya ce ga kogin, ba ado ba. Gaisuwar da ta fi yawa a bakin mutanen garin kiran sunan Shiva ce, ba sai ka maimaita ba, ɗaga hannu ya wadatar.

Maganar ko ya halatta mutum ya shiga irin wannan wuri don kallo, wannan ta malamai ce, kuma gara ka yi ta da malaminka tun kana gida, ba sai kana tsaye a bakin ƙofa jama'a na turo ka ba.

Ban da Kashi Vishwanath, waɗanne gidajen bauta ne suka cancanci zuwa?

A kudancin gari akwai guda uku kusa da juna. Na Durga, abar bautarsu mace, ja ne wur, da tafki a gefensa, ginin ƙarni na 18. Tulsi Manas na farin dutse ne, an gina shi a 1964. Sankat Mochan na Hanuman ne, abin bautarsu mai siffar biri, Talata da Asabar ba masaka tsinke, birai kuma sun yi yawa, su kan fizge leda ko tabarau, kuma tun harin bam na 2006 ba a shiga da waya. Sabon Vishwanath da ke cikin Jami'ar Hindu ta Banaras, wadda aka kafa a 1916, shi ne mafi sauƙi ga baƙo: fili ne babba, a buɗe ga kowa, ba turereniya. Bharat Mata kuwa, da Mahatma Gandhi ya buɗe a 1936, babu gunki a ciki sam, taswirar ƙasar Indiya ce aka sassaƙa da marmara a ƙasa, da duwatsunta da kogunanta.

Zan sami masallaci da abincin halal?

Ba wuya. Kusan kashi uku cikin goma na mazauna birnin Musulmi ne, da yawansu masaƙa. Madanpura tana kan hanyar da ta taso daga Godowlia zuwa Assi, tafiyar mintuna daga bakin kogi, kuma masallatai a jere suke. Akwai kuma Jamia Salafia, babbar makarantar Ahlul Hadis ta Indiya. Alƙibla yamma take. Mafi yawan masallatan na Hanafiyya ne, za ka ga suna jinkirta la'asar fiye da yadda ka saba, kuma da yawa ba su da sashen mata, don haka uwargida ta shirya yin tata a masauki.

Kewayen manyan gidajen bauta ba a sayar da nama, abincin ganye da wake da madara ne. A unguwannin Musulmi akwai kaza, akuya da ɓauna. Yanka saniya haramun ne a dokar jihar, kada ka tambayi naman sa, kada kuma ka zo da kilishi a jaka kana ci a bakin kogi.

Akwai abincin da sai lokacin sanyi ake samu?

Malaiyo. Kumfar madara ce da ake barin ta ta kwana a raɓa, a kaɗa ta da asuba da sukari da za'afaran, a zuba a ɗan kaskon ƙasa. Da rana ta ɗaga take narkewa, don haka da safe ake nemanta a lungunan Chowk. Akwai kuma chura matar, shinkafa ce da aka daka ta yi fale-fale ana soya ta da ɗanyen wake kore. Karin kumallon gari kachori ne, soyayyen fulawa mai cushe a ciki, da miyar dankali, a bi da jalebi, wani soyayyen kayan zaƙi, mai zafi da shayin madara.

A kula da abu ɗaya. Lassi, wato kindirmon da aka dama da sukari, da wani abin sha mai suna thandai, ana sayar da wasu da bhang a ciki, ganyen wiwi ne da aka niƙa. Shagunan da ke da lasisi suna sayarwa a fili. Idan mai shago ya tambaye ka ko na musamman kake so, ko ka ga abin ya yi kore, ka ce a'a.

Zan iya taɓa ruwan kogin?

Taɓawa ba ta kisa, amma kada ka sha, kada ka yi alwala da shi, kada ka shiga wanka. Ruwan ƙazantar gari da na masana'antu na kwarara ciki duk da shirye-shiryen tsaftacewa da gwamnati ta ƙaddamar a 1986 da kuma 2014. Matakalar ƙarƙashin ruwa na da santsi, kogin kuma yana da zurfi da ja kusa da gaɓa. Ruwan gora mai hatimi za ka sha.

Waɗanne bukukuwa ne ke faɗowa a wannan lokaci?

Dev Deepawali na zuwa kwana 15 bayan Diwali, babban bikin fitilu na Hindu, daren da wata ya cika, yawanci a Nuwamba. Ana jera fitilun kasko a kan dukkan matakalar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Abin kallo ne, amma kuɗin masauki da na jirgi kan ninka sau da yawa, kuma sai an kama wuri tun da watanni. Ranar 14 ko 15 ga Janairu Makar Sankranti ce, ranar wanka a kogi da tashin filfilon takarda daga saman soraye. A Janairu da Fabrairu ana taron Magh Mela na wankan ibada a Prayagraj, kilomita kamar 120 daga nan, kuma masu dawowa daga can kan biyo ta Banaras. Maha Shivaratri, bikin Shiva, a Fabrairu ko Maris, tana cikin ranakun da garin ya fi cika. Mai tafiya da tsoho, da yaro, ko wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba, ya kauce wa waɗannan ranaku.

Yaya suke ɗaukar baƙar fata? Mace fa?

Za a kalle ka, kallo mai tsawo ba kunya, wasu su nemi hoto da kai, wasu su ɗauka ba su tambaya ba. Yawancin masu ziyara daga ƙauyuka suke, ba su taɓa ganin ɗan Afirka ido da ido ba. Galibi mamaki ne kawai, ko da yake ba a rasa mai baƙar magana. Hijabi da abaya ba baƙin abu ba ne a garin. Mace kada ta bi lungu ko ƙarshen matakala ita kaɗai bayan tara na dare, a cikin taro kuma ta tsaya inda mata suke. Mai miƙo hannu a gaisa a Dashashwamedh sau da yawa mai tausa ne, yana kama hannun ya fara matsawa, sai kuɗi. Lambar gaggawa 112 ce.

Kwana nawa ya isa, kuma akwai wani wuri a kusa?

Kwana uku: ɗaya na bakin kogi, ɗaya na cikin gari, ɗaya na Sarnath, wanda kuma zai zama rara idan hazo ya ci maka safiya guda. Sarnath kilomita 10 ne, a nan Buddha ya yi wa'azinsa na farko. Akwai hasumiyar Dhamek, da gidan tarihi da ke ajiye da sassaƙen zakuna huɗu na sarki Ashoka, wanda shi ne tambarin da ke jikin kuɗin Indiya da fasfonsu. Gidan tarihin a rufe yake ranar Juma'a. Lokacin sanyi ne mabiya Buddha daga Tailan, Siri Lanka da Tibet suka fi zuwa.

Ina ake sayen silikin Banaras na gaske?

Ba a shagon da direba ko ɗan rakiya ya kai ka ba, domin ladansa a cikin kuɗin da za ka biya yake. Ka shiga Madanpura ko Pili Kothi da kanka, inda za ka ji ƙarar masaƙa daga cikin gidaje, ka yi sallama. Saƙar hannu ana gane ta ta baya, zaren ba ya tafiya daidai sak kamar na inji, kuma sari ɗaya, wato zanen da matan Indiya ke ɗaurawa, mai aiki sosai kan ci makonni a kan masaƙa, don haka wanda aka ce maka na hannu ne a kuɗin atamfa, na inji ne ko na roba. Tsawon sari ya haura yadi shida, yana isar ɗinkin mace har da ɗankwali. Ka riƙe tsabar rupi, domin biyan da 'yan ƙasa ke yi da waya yawanci yana bukatar asusun bankin Indiya, ƙananan masaƙa kuma ba su da na'urar kati.